Fijo 504 da aka sabunta: yadda ake gano asalinta da abin da aka canza mata

Idan an gama wa tsohuwar 504 fenti da sabbin kujeru, mai sayarwa zai rantse maka cewa haka ta fito daga masana'anta. Kada ka fara da bakinsa, kuma kada ka fara da takardu. Ƙarfen motar ne zai faɗa maka gaskiya.

Tambaya ta farko ita ce inda aka haɗa ta. Peugeot ta fito da 504 a 1968 daga Sochaux ta Faransa, ta daina yin mai ƙofa huɗu a Turai a 1983. Masana'antar PAN (Peugeot Automobile Nigeria) da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da haɗa 504 har bayan shekarar 2000. An kuma haɗa ta a Kenya da Ajantina. Saboda haka motar da aka ce 'yar Kaduna ce amma takardarta na cewa 1972, akwai ƙarya a wani wuri. Ta Kaduna sitiyarinta a hagu yake, ta Kenya a dama. In ka ga ramukan da aka toshe da walda a bangon da ke tsakanin inji da direba, an mayar da sitiyari ne.

Buɗe bonet ka nemi farantin masana'anta mai ɗauke da lambar motar, sannan ka nemi lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfen. Dole su zo ɗaya. Faranti ana iya cire shi a maƙala wa wata motar, don haka ka dubi ƙusoshinsa ko sababbi ne. Ka goge fentin da ke kewaye da lambar da aka buga. Layin walda a zagaye yana nufin an yanko wurin daga wata mota. Lamba mai harafi da alkaluma 17 tsarin da ya kankama ne daga farkon shekarun 1980, kuma ta Peugeot ta Faransa tana farawa da VF3. Ga wadda aka ƙera a Faransa, cibiyar L'Aventure Peugeot, mai adana tarihin kamfanin, tana ba da takardar shaida daga kundinta idan aka aika mata lambar.

A inji aka fi yin sauyi. Na fetur iri biyu ne aka fi gani: XM mai 1796cc, faɗin silindarsa milimita 84, da XN mai 1971cc, faɗinsa 88. Daga waje kamar tagwaye suke, kuma 505 ta yi amfani da wannan XN ɗin, shi ya sa bakanike ke ɗauko nata ya dasa ba tare da wahala ba. Giyabos mai giya biyar a tsohuwar 504 galibi daga 505 ya zo. Ɗaga kafet ka ga ramin sandar giya: na masana'anta bakinsa a goge yake, na gareji kuwa da kurfi aka sare shi, domin na farko-farko giyarsu a jikin sitiyari take. Fankar lagireto ta asali tana kamawa ne idan inji ya yi zafi, amma yawanci an ɗaure ta tana juyawa kullum, an kuma jefar da tamostat. Wannan yana hana inji kai zafin aikinsa da safe, ya riƙa shan mai.

Ka shiga ƙarƙashi da awo. Tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.74 ne a mai ƙofa huɗu, 2.90 a wagon. Samfurin GL da TI na mai ƙofa huɗu kowace tayar baya da hannunta, da burkin faranti. Wagon gatari ɗaya ne da burkin ganga, a-kori-kura kuma sifirin ɗinta na falle-falle ne. A-kori-kura mai naɗaɗɗen sifirin a baya, wagon ce aka yanke.

Launin asali yana ɓuya a ƙarƙashin kafet, cikin but, da bayan robar ƙofa. Maganaɗisu zai nuna maka inda aka cika poti, don ba ya kamawa a wurin.

Ni a ganina injin 505 ko giya biyar ba aibi ba ne, motar ma ta fi daɗin doguwar tafiya da su. Abin da ke ɓata mata daraja shi ne ɓoyewa. Ka buɗe littafi, ka rubuta kowace lamba da inda ka same ta, ka ɗauki hotonta kafin fenti ya rufe, ka kuma ajiye tsofaffin kayan da aka cire, musamman kafireta da giyabos, ko da sun lalace.