Asibitin da Aka Zana Domin Wanda Yake Kwance

A shekarar da na yi jinyar mahaifina, na kwana goma sha ɗaya a ɗakin asibiti. Abin da ya fi damunsa bayan ciwon shi ne kwan lantarkin da ke tsakiyar silin, wanda yake haska masa ido kai tsaye, har sai da na riƙa ɗora masa hularsa a fuska kafin barci ya ɗauke shi. Ni da nake zaune ban lura da fitilar ba sai da ya yi magana. Wannan ne ya sa aikin Alvar Aalto, masanin zanen gine-gine ɗan ƙasar Finlan da ya rayu daga 1898 zuwa 1976, ya zauna mini a rai.

A 1929 shi da matarsa Aino suka ci gasar zana asibitin masu tarin fuka a Paimio, kusa da birnin Turku, aka kuma kammala ginin a 1933. A lokacin ba a samu maganin cutar ba, don haka jinyar ba ta wuce hutu da rana da iska mai kyau ba, kuma majinyaci yakan shafe watanni a gado. Aalto ya lura cewa galibin ɗakuna ana tsara su ne domin mai tsayuwa, alhali majinyaci silin yake kallo. Sai ya sa aka shafa wa silin fenti mai sanyaya ido, aka kawar da fitila daga saitin fuska, aka karkatar da ɗumin ɗakin wajen ƙafafu domin kai ya sami sanyi. Tun da mutum biyu ne a kowane ɗaki, an ƙera kwanon wanke hannu ta yadda ruwan famfo zai zubo a karkace, kada ƙararsa ta tayar da maƙwabcin gado. Ko mariƙin ƙofa an lanƙwasa shi don kada ya kama hannun rigar likita.

Daga wannan asibiti ne shahararriyar kujerar Paimio ta fito, wadda aka yi da siraran katako da aka manne aka tanƙwara, aka kuma kwantar da majinginarta yadda mai ciwon ƙirji zai ja numfashi cikin sauƙi. Aikin tanƙwarar sun yi shi tare da kafinta Otto Korhonen, kuma dabarar ce ta haifi 'yar kujerar nan mai ƙafa uku da ake ɗora ɗaya bisa ɗaya. A 1935 Alvar da Aino suka kafa kamfanin Artek tare da Maire Gullichsen da Nils-Gustav Hahl domin sayar da kayan.

Tulun furanni na gilashi mai baki kamar igiyar ruwa, wanda Alvar ya zana a 1936, shi ne ya fi yawo a hotuna, amma ni bai burge ni kamar kwanon wanke hannun ba. Abin da ke ɓata mini rai kuwa shi ne yadda ake ambaton Alvar a manta da Aino, alhali kofunan gilashin da ta zana a 1932, masu zobba a jiki, sun ci lambar zinare a Milan a 1936, kuma kamfanin Iittala yana ƙera su har yau. Ta rasu a 1949, bayan ta jagoranci Artek shekaru da dama.