Cron ba ya ramuwa

Cron shiri ne da ke tayar da aiki a kwamfuta a lokacin da ka sa masa. Idan lokacin aiki ya yi kwamfuta tana kashe, cron ba ya rama shi. Ya wuce ke nan, kuma ko uffan ba zai ce maka ba. Inda wuta ba ta ɗaukewa, wannan ƙaramar magana ce. A Agege ta Legas kuwa ita ce ta sa na kwana ina neman takardun albasa a cikin leda.

Tsohuwar laftof ce da na saya a Computer Village ta Ikeja na sa mata Ubuntu, wani nau'in Linux. Batirinta ya mutu tun tuni, da soket take rayuwa. A kanta nake riƙe lissafin Yaya, wanda ke sayar da albasa a kasuwar Mile 12: wa ya ɗauki buhu nawa, wa ya biya, wa ke cewa sai Juma'a. Ɗan shirin Python ne ke haɗa bashin, sai layi ɗaya na umarnin kwafi, rsync -a, da ke kwafe foldar lissafin zuwa diski na waje. Na gwada da hannu, ya yi daidai. Na zuba shi a crontab, jadawalin ayyukan cron, da 0 2 * * *, wato ƙarfe 2 na dare, domin haka kowane darasi a intanet yake koyarwa.

Masu rubuta waɗannan darussa ba su san ƙarfe 2 na Legas ba. A lokacin an kashe janareta, wuta kuma sai yadda hali ya yi. Ko ta dawo da asuba, laftof ba ta kunna kanta, sai na danna.

Ranar da aka ɗauke wuta ina tsakar adana fayil ɗin bashi, da na kunna sai ls -l ya nuna min girmansa 0. Ban ma damu ba, ai akwai kwafi. Na buɗe diskin waje: kwafin ƙarshe tun kafin azumi ne. Tun kafin azumi! Umarnin last -x, mai nuna tarihin kunnawa da kashewa, ya jero min crash bisa crash, wato mutuwar farat ɗaya, journalctl -u cron, mai nuna rajistar ayyukan cron, kuma babu komai a wajen ƙarfe 2 na yawancin darare. Layin da na rubuta bai da aibi ko ɗaya, ba a tashe shi ba ne kawai. Yaya bai yi faɗa ba. Ya ce, "To, malamin kwamfuta, ɗauko littafi." Da ya zage ni ma da ya fi sauƙi.

Yanzu systemd, shirin da ke tafiyar da ayyuka a Ubuntu, ke riƙe aikin maimakon cron, da OnCalendar=daily da Persistent=true. Layi na biyun nan shi ne maganin: yana ajiye lokacin da aikin ya gudana na ƙarshe, idan an tsallake sai ya yi shi da zarar an kunna. Anacron, wani ɗan'uwan cron, ma yana yin haka, amma a Debian da Ubuntu ba ya aiki idan laftof tana kan batir sai ka canja saitinsa, don haka mai batir mai rai ya kula.

Abin da har yanzu yake tayar min da tsikar jiki shi ne, da a ce akwai wuta a daren nan, rsync zai ɗauki fayil ɗin da ba komai a ciki ya danne mai kyan da shi. Shi ya sa kowace rana take da foldarta mai kwanan wata, da zaɓin rsync na --link-dest don kada diski ya cika da maimaici. Shirin kuma yana fara tambayar mountpoint -q ko diskin waje yana haɗe, in ba haka ba rsync zai zuba komai a diskin ciki yana ganin ya yi aiki.

Kuɗin wasu buhuna har yau ba mu san a hannun wa suke ba. Duk safiya, kafin in buɗe komai, systemctl list-timers nake fara bugawa in ga yaushe aka yi kwafin ƙarshe.