Hoto a Ajin Labarin Ƙasa: A Fara da Abin da Ido Ya Gani

Ka ɗaga hoton kasuwar Kejetia ta Kumasi, a ƙasar Gana, a gaban 'yan JHS (ƙaramar sakandare) a unguwar Asawase ko Aboabo, kafin ka buɗe baki ajin ya ɗauka: “Ticha, Kejetia ce!” Daga nan kallo ya ƙare. Yaro ya ba wuri suna, a ganinsa ya ci tambaya, saura jiran ƙararrawa. Maganin wannan yana hannun malami tun kafin ya shiga aji: a rufe rubutun da ke ƙasan hoton da takarda, a kuma kafa doka cewa ba a kiran sunan wuri sai an gama lissafa abin da ke cikinsa.

Hotunan da ake aiki da su iri uku ne. Akwai wanda aka ɗauka a tsaye a ƙasa, akwai na karkace da aka ɗauka daga bene ko kan tudu, sai na sama tsaye, irin na tauraron ɗan adam. Da na ƙasa ake farawa, don haka idon yaro ya saba ganin duniya. Na karkace shi ne gada. Wanda ya tsallake shi ya kai yara kai tsaye ga hoton sama zai ga suna kiran rufin kwano gona, suna kiran inuwar gajimare tafki.

Wajen zaɓe, hoto mai kyau a bango sau da yawa ba ya da amfani a darasi. Faɗuwar rana a bakin teku ba ta ba yaro abin ƙirgawa. A nemi wanda yake da aƙalla abubuwa biyar da za a iya nunawa da yatsa, kuma a cikinsu akwai biyu da ke da alaƙa da juna: gida da gangare, hanya da kasuwa, rafi da juji.

Sai bugawa, inda aka fi yin asara. Ajin yara 60 yana buƙatar kwafi 12, yara biyar-biyar, a takardar A4. Hoto ɗaya a jikin allo 'yan layin gaba kaɗai yake yi wa aiki. Don A4 ya fito tsaf, hoton ya kai kusan ɗigo 1,750 a tsawo da 1,240 a faɗi. WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi yadda aka saba, saboda haka a tura wa mai bugawa a matsayin fayil. Fotokwafi baƙi da fari yana isa ga darasin tituna da tsarin gidaje, amma yana kashe darasin ruwa da tsirrai ɗungurungum: kogin Offin da galamsey (haƙar zinariya ta bayan fage) ya mayar kamar kunu da kogi mai tsabta duk toka-toka za su fito. A kai a yi laminatin, yara su yi rubutu a kai da makar farin allo, a goge, wani aji ya samu. Majigi yana da daɗi idan makaranta tana da shi, sai dai hasken taga yana wanke launi, dumsor (ɗauke wutar lantarki) kuma ba ya sallama. Ko da majigi, a riƙe kwafin takarda a jaka.

Ga yadda darasin minti 60 zai iya tafiya. Minti uku na farko shiru, kallo kawai, biro a ajiye. Uku ɗin nan suna yi wa malami tsawo fiye da yadda suke yi wa yara, amma a daure. Sannan kowane rukuni ya ja layi biyu a kwance da biyu a tsaye a kan ledar, hoton ya kasu gida tara: gaba, tsakiya, nesa, hagu, tsakiya, dama. Amfanin wannan shi ne ya kashe “can wajen”. Yaro zai ce “a gaba ta hagu akwai bututu”, kowa ya duba wuri ɗaya. Minti goma su rubuta abin da ke kowane gida, sunayen abubuwa zalla, ba bayani.

Daga nan zane, minti 15. A nan yara masu hannu suke ɓata lokaci suna yi wa bishiya ganye. A iyakance: layin da sama ta haɗu da ƙasa, layin rafi, layin hanya, iyakar gidaje, kada su wuce layi takwas, sauran duk kibiya da suna. Mai mummunan zane da kibiya shida daidai ya fi mai kyakkyawan zane da kibiya biyu maki, kuma a faɗa musu haka tun farko.

Minti 20 na gaba su ne zuciyar darasin. A raba allo gida uku: abin da na gani, abin da nake zato, shaidata. A ɗauki misali hoton rafin Aboabo da aka ɗauka daga kan gada a watan Fabrairu. Ruwa siriri ne baƙi a tsakiya, gefe yashi da ledojin ruwa, gidaje sun matso har baki. Yarinya ta ce, “Ana ambaliya a nan.” Malam ya ce, “Ni ban ga ambaliya ba. Nuna mini.” Sai an koma an sake dubawa. Wani zai hango tabon laka a jikin bango, layi miƙaƙƙe da ya kai ƙugun mutumin da ke tsaye kusa. Wata za ta ga an ɗaga bakin ƙofa da bulo biyu. Wani ya lura ledoji sun maƙale a reshen bishiya sama da inda ruwan yake yanzu, alhali leda ba ta hawa bishiya da ƙafarta. Shaida uku ke nan, kuma yaran ne suka tono su. Yanzu malami zai iya kawo nasa: Kumasi tana da damina biyu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa wajen Nuwamba, siminti da kwano ba sa shan ruwa, duk abin da ya zuba sai ya gangara kwari lokaci guda, shara ta cike hanyar da zai bi. Idan aka fara da wannan bayani kafin kallo, yara za su kwafa a littafi su haddace, hoton ya zama ado.

Kuskuren da malamai suka fi yi a wannan mataki shi ne karɓar amsa daidai ba tare da shaida ba. Yarinyar ta san ana ambaliya don a unguwar take kwana. Ranar da aka ba ta hoton Keta, inda teku ya ci wani sashe na ganuwar Prinzenstein, ko na Mepe lokacin da aka saki ruwan madatsar Akosombo a 2023, sanin unguwa ba zai cece ta ba, sai dai idon da aka horar.

Minti goman ƙarshe a kwatanta da taswira: ina mai hoton ya tsaya, ina ya fuskanta? Wannan yana kawo maganar gabas da yamma, kuma a nan akwai tarko. Littattafan da aka rubuta don Ingila suna cewa inuwar tsakar rana arewa take nunawa. A Kumasi, da take kusan digiri 7 arewa da ikwaita, rana tana bi ta tsakar ka a farkon Afrilu da farkon Satumba. Tsakanin waɗannan lokuta biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sauran watanni arewa. Sandar mita ɗaya tana yin inuwar da ta ɗan wuce rabin mita a Disamba, a Yuni kuwa kusan santimita 30, ta ɗaya ɓangaren. Inuwar safe da ta yamma ta fi aminci: da safe yamma take miƙewa, da la'asar gabas. Yaran Zango kuma suna da kamfas da littafin bai san da shi ba. Idan masallaci ya fito a hoto, a nemi mihrabi. Alƙibla daga Kumasi gabas ce maso arewa, kusan digiri 65 daga arewa. Wasu tsofaffin masallatai sun ɗan kauce, amma don gane ɓangare ya wadatar.

Ma'auni kuma sai a hoton sama tsaye. A hoton ƙasa akuyar da ke gaba ta fi motar da ke nesa girma, rula ba ta da aiki a nan. Iyaka a nemi mutum ko ƙofa, wadda takan kai kusan mita biyu, a kwatanta da abin da ke gefenta. A hoton sama a nemi filin ƙwallo. Idan tsawonsa mita 100 ne, ya kuma auna santimita 2 a takarda, santimita ɗaya mita 50 ke nan, wato 1:5,000. Hattara da mai fotokwafi: ya faɗaɗa A4 zuwa A3, santimita 2 ta koma 2.8, lambar da aka rubuta ta zama ƙarya. A zana layin ma'auni a jikin hoton kafin a kwafa, shi yana girma tare da hoton.

Hoton sama na Kumasi yana da abin karantawa sosai. Tsofaffin unguwanni rufinsu ja ne na tsatsa, gidajen murabba'i masu tsakar gida kamar rami a tsakiya, lunguna a cushe. Wajen Abuakwa ko Ejisu rufi mai launi ne, kowane gida da katangarsa. Google Earth na kwamfuta yana da tsofaffin hotuna. A buga na wuri ɗaya a shekaru biyu masu nisa, yara su kewaye inda kore ya koma kwano. Ga tafkin Bosomtwe, kusan kilomita 30 kudu maso gabas da gari, ramin da dutse daga sararin samaniya ya haƙa shekaru wajen miliyan ɗaya da suka wuce. Wani lokaci yara za su rantse tudu suke gani a inda kwari yake. Ruɗin ido ne: a juya takardar har inuwa ta faɗo wajen mai kallo, kwarin zai koma kwari.

Akwai haɗari a hoto guda ɗaya. A nuna Tamale a watan Janairu, ciyawa ta ƙone, hazon hunturu ya rufe nesa, yaron Kumasi ya tashi da cewa arewa hamada ce. Wurin nan a Agusta kore ne shar, don damina ɗaya suke da ita, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Saboda haka a riƙa haɗa biyu-biyu: wuri ɗaya a rani da damina, ko kurmi da sarari a wata ɗaya. Kuka da kaɗanya da ɗorawa a warwatse a gefe guda, a ɗaya gefen goro da koko a ƙarƙashin dogayen itatuwa (na gona ake nufi, ba na sha da ƙosai ba, don sai wani ya tambaya). Daga waɗannan hotuna biyu ana iya kai yara ga dalilin da ya sa fataken Hausa suka riƙa takowa Salaga neman goro: abin da kurmi ke bayarwa sarari ba ya da shi.

Mafi arha kuma mafi amfani su ne waɗanda malami ya ɗauka da wayarsa. A zaɓi wuri uku kusa da makaranta, kan gada, bakin kwazazzabo, saman bene, a yi alamar inda aka tsaya, a koma kowane wata uku a ɗauka daga nan, waya a kwance, ba zuƙowa. Kafin ƙarfe tara na safe ko bayan huɗu na yamma ya fi, don hasken tsakar rana yana shafe tudu da kwari. A sa sandar mita ɗaya a gaba idan zaizayar ƙasa ake bi. A nemi izini kafin a ɗauki shago ko ƙofar gidan mutane, a gaishe da mai unguwa idan za a riƙa dawowa, a kauce wa fuskokin yara da barikin soja da filin jirgi. Jirgi maras matuƙi kuwa sai da rajistar hukumar sufurin jiragen sama. A bayan kowane kwafi a rubuta wuri, rana, ƙarfe nawa, da ɓangaren da aka fuskanta, sannan a liƙe takarda a kai kafin a raba wa yara, don su ma sun san a juya hoto.