Magudanar ruwan layinmu da taron kasafin kuɗi

Jiya na halarci taron jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗin ƙaramar hukumarmu a nan Legas, kuma har yanzu abin yana cina a rai. Shekara uku ke nan da aka kafa allon kwangila a bakin layinmu, aka haƙa rabin magudanar ruwa, sannan ɗan kwangilar ya kwashe kayan aikinsa ya yi ɓatan dabo. Duk damina ruwa yana shiga shagon mai goro har gwiwa, yara kuma suna tsallaka ramin a kan katako guda idan za su Islamiyya.

A zauren ne na fahimci cewa tun 2011 Jihar Legas take da dokar bayar da kwangila, wadda ta tanadi a tallata aiki, 'yan kwangila su miƙa farashinsu a rufe, a kuma buɗe takardun a bainar jama'a. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce, "Ɗana, muna biyan haraji da kuɗin rumfa, amma ba ma zuwa inda ake tsara ayyuka." Gaskiya ya faɗa, domin mu huɗu ne kacal daga unguwarmu.

Kafin in fito na sa sunana a ƙungiyar ci gaban unguwa. Ranar Asabar bayan La'asar za mu zauna a ƙofar masallaci, mu rubuta takardar neman sanin nawa aka biya ɗan kwangilar, da kuma ranar da za a ƙarasa aikin.