Ƙullutun ƙanwata da kwalbar da Umma ta so a binne

Ƙanwata tana da shekara 23 lokacin da ta ji ƙullutu a nononta na hagu. Wata huɗu ta yi tana ɓoyewa. Ranar da ta faɗa mini muna ninke kaya ne a ɗakin Umma a Unguwar Dosa, sai kawai ta kamo hannuna ta ɗora a wajen. Abu kamar gurjiya, yana zillewa a ƙarƙashin yatsa, kuma ba ya ciwo.

Ni a da, sanina da sikanin bai wuce na masu juna biyu ba, shi ya sa na yi turus da likita ya rubuta mata shi. Ya ce naman nonon yarinya mai shekarunta a cure yake, hoton mamogiram, wato eksiren nono, ba ya ratsa shi sosai, shi kuwa sikanin da sauti yake aiki, ba ya ƙona komai. Hoton ya nuna abu mai siffar ƙwai, gefensa sumul, ya ɗan haura santimita 2. Likitan ya ce ya fi kama da faibro'adenoma, ƙarin da ake yawan samu a jikin 'yan mata, wanda ba daji ba ne. Akan iya barinsa ana lura da shi, amma tunda nata yana girma, gara a cire.

Da safen ranar tiyata aka sake ɗora mata na'urar, likitan ya zana da'ira da biron maka a kan fatar. Ya ce mini a wasu asibitocin har ɗakin tiyata ake shiga da na'urar, musamman idan ƙarin ba ya jiyuwa a hannu: a duba tsokar da aka yanko a ga ya fito ɗungurungum, sannan a leƙa ramin da ya bari. Nata yana jiyuwa, don haka ba a kai ga wannan ba.

Bayan an fito da ita, nas ta miƙo mini wata 'yar kwalba, naman na ciki a cikin ruwan magani, da takarda, ta ce in kai lab. Umma ta ce, "Wane irin lab kuma? Ba an cire ba? Naman mutum ne, a kawo a binne." Ban yi mata musu ba. Na dai saka kwalbar a leda, na tari Keke Napep, na kai na biya. Na ji labarin mata da yawa da suke tafiya gida da kwalbar nan saboda kuɗin gwaji, kuma ban ga laifinsu ba, aljihu ya riga ya sha wuya kafin a zo nan.

Kwana goma sha biyu da aiki, wajen ƙarfe ɗaya na dare, ta tashe ni. "Yaya, ya dawo." Na taɓa, ga kumburi daidai wurin, har ya fi na da girma. Gari na wayewa Gwaggo ta iso daga Rigasa da ƙullin magani, tana cewa ai dama ta faɗa, daji ba ya son ƙarfe, mun tsokano shi.

Muka koma sikanin. Mace ce a kan na'urar wannan karon, ɗakin da duhu-duhu. Ta sa ƙanwata ta ɗaga hannu sama da kai, ta matsa mata man nan mai sanyi, ta juyo da allon wajena. Wani baƙin wuri ya bayyana, baƙi ƙirin. Ta danna kan na'urar, sai wurin ya lotsa, ta saki ya koma. Ta karɓi tsohon hoton daga hannuna ta kara kusa da allon.

"Hajiya, duba nan. Na da toka-toka ne, tsoka ce. Wannan ruwa ne. Sauti yana wuce ruwa salin-alin, shi ya sa yake fitowa baƙi."

Ruwa ne ya taru a ramin da aka cire ƙarin, kuma jiki kan shanye shi da kansa. In ya yi yawa ko ya dame ta, a zuƙe da sirinji. Ta ƙara da cewa hoton da aka ɗauka ana cikin kumburi ba a yanke hukunci da shi kan ko an bar saura, mu dawo bayan wata shida wuri ya kwanta.

Na ce, "To yanzu dai mun tabbata ba daji ba ne ko?"

Ta girgiza kai. Ta ce na'urarta siffa take nunawa. Ainihin ko mene ne, da kuma ko an yanke shi har iyakarsa, sai wanda ya duba naman a madubin lab. "Kun kai kwalbar?" Na ce na kai. Ta ce to mu jira takarda.

Takardar ta fito bayan sati uku, faibro'adenoma ne kamar yadda aka zata. Umma ta sa na karanta mata sau biyu, duk da ba abin da muka gane sai layin ƙarshe da likita ya ja wa biro. Sikanin wata shida bai nuna komai ba sai ɗan siririn tabo.

Gwaggo kuwa har yau cewa take maganinta ne ya tsotse kumburin. Ƙullin yana nan a saman durowar Umma, ko kwance shi ba a yi ba.