Layi ɗaya a kwance: yadda muka farfaɗo da tsohon akwatin gem a Gusau

Wani maƙwabcinmu a Tudun Wada ya daɗe da rufe gidan gem ɗinsa, tun da PlayStation ta kashe masa kasuwa. Akwati ɗaya ya rage a bayan shago, irin dogon nan na katako da ake bugawa a tsaye, mai Street Fighter II da Capcom ta fitar a 1991. Ya ce in ɗauke kafin gara ta gama da shi. A amalanke muka kawo shi gida.

Da na kunna, kiɗa ya tashi raɗau, amma allo baƙi ƙirin, sai wani layi fari fat a kwance a tsakiya. Nan take na yanke hukuncin kwalbar allon, wato gilashin da ke nuna hoto, ta mutu. Na ɗauko allon kwamfuta zan maye gurbinta, ya ƙi nuna komai. Ashe waɗannan injuna da sigina mai gudun kilohaz 15 suke aiki, allon kwamfuta kuwa daga 31 yake farawa. Kwana biyu na ɓata a nan, kuma duk lokacin da na kunna sai in tsaya ina kallon layin nan kamar zai ba ni amsa.

Sai na je na ɗauko wani dattijo da ya tsufa a gyaran talabijin mai ƙeya. Yana ganin layin ya miƙa hannu baya, ya rage haske a jikin filebak, wato taransifomar da ke ba kwalba babbar wuta.

"Ɗana, tun yaushe kake barin shi haka?"

Na ce, "Baba, ba ya wuce minti goma."

Ya girgiza kai. Hasken da ya kamata ya bazu a allo gaba ɗaya, in ji shi, ya taru a layi guda, yana ƙona hodar da ke cikin gilashin. Sannan ya warware min abin da ke gabana ban karanta ba: tunda akwai sauti, fanel ɗin gem lafiya lau, tunda akwai haske, kwalba da filebak suna aiki, tunda layin ya kai gefe da gefe, abin da ke jan hoto hagu da dama bai mutu ba. Saura ɓangare ɗaya, mai buɗe hoto sama da ƙasa.

Da ƙotar sukudireba ya riƙa ƙwanƙwasa fanel ɗin allon a hankali. Yana taɓa wani ƙarfen sanyaya aisi (IC, ɗan guntun na'ura mai ƙafafu da yawa), hoto ya buɗe, ya sake rufewa.

Kafin a ciro fanel sai an sauke wutar kwalba, kuma wannan ba wurin gwaninta ba ne. Tana aiki da fiye da bolt 20,000, tana kuma riƙe wuta ko an zare soket. Baba ya ɗaura waya a sukudireba, ya maƙala ɗaya bakin a firam ɗin ƙarfe, ya sa hannu ɗaya a aljihu, ya zura bakin ƙarƙashin robar da ke manne a ƙeyar kwalbar. Tas! Ni da ke gefe sai da na zabura. Ya jira kaɗan, ya maimaita.

A hasken tocila muka ga laifin: dalmar da ke ƙafafun aisin ta tsage, zobe siriri kamar gashi kewaye da ƙafa uku. Zafi da sanyi na shekaru ne suka yi wannan. Minti biyar ya sake like su.

Hoto ya dawo, amma a naɗe daga sama, kan Ryu, ɗaya daga cikin 'yan faɗan gem ɗin, a baje kamar an danne shi da faifai. Kafasitoci, ƙananan gwangwanayen nan masu tara wuta, su ne suka bushe, biyu har sun kumbura. Ba abin mamaki ba ne ga kayan da ya haura shekara 30 yana shan zafin bazarar Gusau. Muka canza na ɓangaren duka, lambar ƙarfi iri ɗaya, bolt daidai ko sama, ana lura da ƙafar da ba a juyawa.

Akwai wata taransifoma mai nauyi a gindin akwatin da na ce mu cire, tunda ina da sitabilaiza. Baba ya ce a kul. Da yawan tsofaffin allunan nan bolt 110 suke ci, wutarmu kuwa 230 ce, kuma ita ce ke raba jikin allon da wutar gida. Ba ita, ko a ƙona fanel ko firam ya ja mutum.

Sauran ɓarnar tawa ce. Bayan tafiyarsa na murɗa ƙananan maɓallan saiti ban yi musu alama ba, hoto ya shiga birgima, sai da na kwashe awa guda ina laluben inda suke. Yanzu da alƙalamin maka nake ɗiga alama kafin in taɓa kowanne. Wani shuɗin tabo da ya fito a kusurwa kuma, maganaɗisun sifikar da na jingina a gefe ne ya jawo shi. Na ɗauke ta, na kashe injin ya huce, na sake kunnawa sau biyu, ya washe.

Layin farko dai ya bar shaida. In allo ya yi fari, ana ganin wani siririn tabo a tsakiya. Yaran gidanmu ba su ma lura da shi ba, rigimarsu a kan wa zai ɗauki Chun-Li take.