Kunnen Baba

Laraba, dare ya raba.

Tun bayan Isha'i nake neman barci, ya ƙi zuwa. Ga ni a zaure da bargo a kafaɗa, hannuna na ta warin man birki duk da na wanke shi da omo har sau biyu.

Da safe kam da raha na tashi. Sanyin hunturu ya sauko sosai, hazo ya rufe Ali Ɗan Sofo har ba ka hango ƙarshen layinmu. Na yaye wa Gimbiya, motata, tampol, na murɗa makulli, na tsaya ina sauraren famfon esansi yana ɗan zuzarsa daga baya kamar yadda ya saba kafin ya cika bututu. Bugu ɗaya ta tashi. Uwargida ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu ta ce, "To, an gaida kishiya kafin a gaida mu." Na ce ai ita ce babba a gidan nan, tun 1973 take duniya. Ta ce shi ya sa kullum tana asibiti. Ban samu amsa ba, sai na ja mota.

A hanya wani ɗan kabu-kabu ya bi ni har kusa da babbar kasuwa yana leƙe. Da muka tsaya sai ya ce, "Alhaji, don Allah wa ya yanke maka Fijon nan ta koma ƙofa biyu?" Wannan tambaya na sha ta fiye da sau ɗari. Mutanenmu sun san 504 ciki da bai, sun hau ta tasha zuwa tasha, sun yi mata lodin da ko raƙumi sai ya yi ƙara, amma ba su san tana da ƙanwa mai ƙwalisa ba. Na ce masa ba wanda ya yanke ta, haka aka haife ta. Italiyawan Pininfarina ne suka zana jikinta kuma suka ƙera shi a Turin, inji da ƙafafu na Peugeot ne, tsakanin tayoyin gaba da na baya kuma ta gaza babbar yarta da santimita 19. Ya gyaɗa kai ya ce, "Amma dai an yanke ta." Na bar shi a haka.

Asabar ce tafiyar Damagaram, wajen kilomita 235, ta Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, Takeita. Lahadin sama kuma filinmu na zagayen motoci, in mai gonar bai sake shawara ba. Don haka yau ranar gareji ce tun daga safe.

Mun fara da birki. Shekara biyu cif rabon da a sauya man, ga shi ya koma kamar shayin da ya kwana. Mutane suna ganin ɓarnar kuɗi ce, tunda mota tana tsayawa. A cikin gari za ta tsaya mana. Amma man birki yana shan danshin iska a hankali, kuma sabon DOT 4 da ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, in ya sha ruwa yana iya tafasa tun a 155. Ka yi zagaye biyar a fili kana taka birki a kowace kwana, faifan birki huɗun nan su yi zafi, sai ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa ba komai. Ya taɓa faruwa da ni bara, jarkokin da muka jera a matsayin alama su suka ji a jikinsu. Ni na zauna a kujerar direba, Ɗan Tsito, yaron gareji, ya shige ƙarƙashi da kwalba da ɗan siririn tiyo, ya fara daga tayar baya ta dama. "Buga! Buga! Riƙe!" In riƙe, ya buɗe, feda ta sauka, ya rufe. "Saki!" Haka muka yi ta yi har cinyata ta fara rawa, sai da mai ya fito garau ba kumfa ko ɗaya.

Tayoyi: na duba lambobi huɗun nan na gefe masu nuna lokacin ƙera su, na baya 2016 ne. Zanensu bai cinye ba, amma gefen ya fara tsattsagewa. Rana ce ke cin taya a garin nan, ba kwalta ba. An sauya.

Matatar iska, matatar esansi, buji huɗu. Bidanji, wato sauya man inji, tun makon jiya aka yi.

Duk wannan lokaci Baba, dattijon makanikenmu, yana kan bencinsa ƙarƙashin hoton nan da ya koɗe, na 504 mai ƙofa biyu da Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari ta Kenya da ita a 1978, ya kuma ci ta Bandama a Kodibuwa a shekarar. Waccan mai silinda shida ce, tawa huɗu, amma Baba in ya so tsokanata sai ya nuna hoton ya ce ga uwar ɗakin motarka nan. Bai tashi ba sai da inji ya huce sarai, don ba ya yarda a daidaita bawul da ɗumi. Ya sa aka buɗe murfi, ya ciro ƴan siraran ƙarafunan awo daga aljihun gaba, milimita 0.10 na bawul ɗin shiga, 0.25 na fita, yana zura su yana ja a hankali kamar mai zare ƙaya daga ƙafar yaro. Hannunsa bai yi rawa ba. Na lura da wannan, kuma yanzu ina ta maimaita wa kaina.

Kun san a duk Maraɗi shi kaɗai nake bari ya taɓa famfon Kugelfischer ɗin nan. Ba karbireto gare ta ba, ba kuma kwamfuta, famfo ne na ƙarfe zalla da ke auna esansi yana tura wa kowace silinda rabonta, bel mai haƙora na juya shi. Sau nawa aka ce in cire shi in ɗora karbireto in huta, wani ma ya ce in sauke injin gaba ɗaya in sa na Toyota. Baba ne ya hana. Shi ya hana ni zuba mata esansin ruwa-ruwa na kwalba, ya ce tsaki ɗaya na ƙasa ya isa ya kashe famfon, kuma ba mai sayar da wani daga nan har Kano. Shekara 19 ke nan yana gyara ta da kunne. Sai ya ɗauki dogon sukundireba, ya ɗora bakin a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido, ya gaya maka abin da ke ciwo tun kafin ya zama ciwo.

Aka rufe, aka tada ta. Bawul sun yi shiru, ta zauna daram. Sai na ji wani abu daga gaba, wajen fanka. Ba ƙara ba ce sosai, ɗan gurnani ne siriri, kamar ana niƙa barkono a gida na uku. In an taka totur ya ɗan ɓace, in an saki ya dawo.

Na dubi Ɗan Tsito. Shi ma ya dube ni, sai ya sunkuyar da kai ya kama goge sufana da ta riga ta goge.

Baba ya ɗora sukundireba a kan murfin bawul, ya saurara. Ya matsa wajen famfon esansi, ya saurara. Ya kai gaba, daidai inda abin yake, ya daɗe a nan idonsa a rufe. Ya miƙe ya shafa mata goshi ya ce, "Lahiya lau take. Ka tai Damagaram, ka wuce Difa in ka so."

Na buɗe baki, na rufe. Me zan ce? Mutumin da ya san motar nan tun tana hannun mahaifina, wanda ya koya mini riƙe sitiyari a filin sukuwa ina ɗan shekara 14. Na ce, "Madalla, Baba, Allah ya saka." Ladan ya kira Azahar, ya ɗauki buta ya fita.

Yana fita yaron ya kashe inji, ya ce, "Yaya, zo ka gani." Ya sassauta bel, ya kama fanka da hannu biyu ya girgiza. Tana motsi, kaɗan dai, amma tana motsi, ƙwas ƙwas. Ya haska fitilar wayarsa ƙarƙashin famfon ruwa, ga wani farin sawu ya bushe daga ɗan ramin nan, alamar ya fara tsiyaya. Boris ɗin famfon ya ci. Zai iya kai wata uku, zai iya watsewa kafin Gazawa. In kuwa ya watse a kan gudu, ruwa ya zube, kan injin nan na alminiyom ne, zafi ɗaya zai lanƙwasa shi, daga nan sai labarin gasket da kuka.

Na ce tun yaushe ka sani? Ya ce motar ko Baba? Na ce Baba. Ya ce tun damina. Ya ce yanzu in mota ta shigo shi yake fara saurare, sai ya san yadda zai yi ya ja hankalin Baba wajen ba tare da ya faɗa ba, ya ce ko a duba nan, ko a taɓa can, har Baba ya gano da hannu. Yau ne dabara ta ƙare masa saboda ina tsaye. Yaro ɗan shekara 17. Wata biyar yana ɗauke da wannan shi kaɗai.

Muka je muka yi salla. Ban san me liman ya karanta ba, Allah ya yafe mini.

Da muka dawo na shirya ƙaryata tsaf. Na ce, "Baba, tunda tafiyar da nisa, ga fili kuma na biye, ina ganin mu sauya famfon ruwa, don hankalina ya kwanta kawai. Ya daɗe." Ya ce bara waccan aka sa shi. Na ce duk da haka. Ya yi shiru yana jan carbi. Ya dubi bel ɗin da aka sassauta, wanda muka manta ba mu mayar ba. Ya dubi yaron. Ya dawo da ido kaina.

"Mi kuka ji?"

Na ce ba komai, Baba.

"Kai, ɗan nan. Ni na yi maka wankan jego na mota. Mi kuka ji?"

Na gaya masa. Ya tashi, ya kama fanka ya girgiza sau ɗaya, ya saki. Ya zura yatsa ƙarƙashi ya shafo farin sawun ya duba. Ya ce, "Boris ne." Sai ya taɓa kunnensa na hagu ya ce wanga ya tafi tun azumi, na dama kuma yana bin sawu, sirarin sauti ba ya kama su yanzu, sai masu kauri. Ya faɗe shi kamar yana ba da labarin motar wani. Daga nan ya miƙa wa Ɗan Tsito dogon sukundireban, wanda ko taɓa shi ba a yi sai da izini, ya ce, "Ɗaure bel, tada ta, ka sa a kunne ka hwaɗa mini abin da kake ji. Kada ka rage komi."

Yaron ya sa. Ya ce yana jin gurnani. Baba ya ce gurnani iri nawa ne a duniya, na kare ko na dutsen niƙa? Ya ce na dutsen niƙa. Baba ya ce to matsa baya, ɗora a kan dinamo, shi kuma fa? Ya ce wannan sumul yake, kamar ruwa a tiyo. Baba ya ce to ka riƙe bambancin. Suka bi injin nan gaba da baya kusan rabin awa, ɗaya na ji, ɗaya na fassara, ni ina tsaye kamar baƙo a garejin da na girma a ciki.

Abin da ya hana ni barci ba kunnen ba ne. Tsufa ne, kowa na hanya. "Madalla, Baba" ɗin nan da na ce ita ke cina. Na ɗauka ladabi na yi. Amma da yaron bai yi magana ba fa? Da na ɗauki uwargida da Auta ranar Asabar na hau hanya da famfon da na ji da kunnena yana niƙa, don kawai kada in kunyata dattijo. Sannan da na zo gyarawa, ƙarya na kawo masa, irin wadda ake yi wa yara da marasa lafiya. Shi kuwa da ya tashi, gaskiya ya nema tsirararta. Ina jin ƙaryar ta fi yi masa ciwo a kan boris ɗin, don bai sake ce mini "ɗan nan" ba har na tafi, sai "Alhaji".

Ko kuma ni ne nake ƙara wa miya gishiri. Wataƙila gajiya ce kawai ta kama shi.

Rana ta yi, na ci shinkafa da wake a bakin gareji, yaji ya yi yawa.

Ƙanena na Faransa ya turo bidiyo daga Montlhéry, tsofaffin motoci na zagaya filin nan mai gangare da aka gina tun 1924, kowa da hular kwano, kwalta kamar an goge da tsumma. Ya rubuta, "Yaya, ina naku filin?" Na tura masa hoton gonar gero da aka girbe da jarkoki goma sha biyu. Bai amsa ba tukuna.

Mai kayan gyara ya aiko da famfo biyu da yamma, ya rantse duka na 504 ne. Ɗaya daga gani ba zai karɓi fankarta mai maganaɗisu ba, ɗayan sai an gwada. Jika 18 yake nema, na ce sai ya shiga tukun.

Uwargida ta ga fuskata ta ce ko kishiya ce ba lafiya. Na ce a'a, likitan ne. Ta ajiye tuwo ba ta ƙara tsokana ba. Can ta ce akwai masu duba kunne a babban asibiti, ƙanwar kawarta ta samu abin sawa a kunne tana ji yanzu. Na ce wa zai gaya masa? Ta ce wanda ya iya cewa madalla.

Gimbiya ta kwana a gareji, gabanta a buɗe, an zare lagireto an jingine da bango. Baba ya ce in zo ƙarfe takwas, kuma in taho da ruwan lagireto na gaske, kada in kawo masa na rijiya.